Lissafin Samaru a Kasuwar Chikago

 Shirin namu na yau daga Tudun Wadan Zariya yake zuwa muku.

Duk mai shiga motar Samaru daga nan ya saba jin ƙorafin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello: wai wannan lissafi da ake jibga musu, a wace kasuwa ake sayar da shi? To, kasuwar na nan. An buɗe ta a Chikago ta Amurka a watan Afrilun 1973, shekara biyu kafin malamin lissafin nan, Farfesa Iya Abubakar, ya zama shugaban jami'ar.

Hajar da ke wannan kasuwa ita ce damar saye ko sayarwa. Ɗan hatsi zai gane nan take. A ce da kaka ka ba mai masara 'yan kuɗi, bisa sharaɗin nan da wata uku, in ka ga dama, ka ɗauki buhu ɗari a farashin yau. In masara ta tashi, ka ci riba. In ta karye, ka fasa, 'yan kuɗin sun tafi, kamar kafin alƙalamin da ba a mayarwa. To nawa ya dace ka biya?

A wannan shekara ta 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa amsarsu. Shi Black da fiziks ya fara kafin ya koma lissafi a Harvard. Abin mamaki, in aka juya lissafin nasu aka gyara masa zama, sai ya koma wanda Bafaranshen nan Fourier ya fitar a 1822, mai bayanin yadda zafi ke bin sandar ƙarfe in an cusa bakinta a wuta: kusa da wutar ya yi ja, tsakiya ya ɗumama, hannunka kuwa sai can daga baya zai ji. Darasi ne da ɗalibin fiziks ke karo da shi tun kafin ya gama digirin farko, yana gumi yana tsaki.

Shi ya sa bankuna suka riƙa farautar masana fiziks. Emanuel Derman, mutumin Afirka ta Kudu, ya shiga Goldman Sachs a 1985, ya yi aiki da Black, kuma a 2004 ya fitar da littafi kan wannan ƙaura tasa. Irinsu in suna tuna aji, ba sa mantawa da maganar da malami kan faɗa kafin ya ɗauki alli: mu ƙaddara babu iska, mu ƙaddara komai na tafiya sannu a hankali. Ɗalibi kan wuce wannan layi da gudu, alhali nan gizo ke saƙa. Lissafin Black da Scholes ya ƙaddara farashi rarrafe yake yi, ba tsalle ba. Ƙarfe ba ya firgita, amma ɗan kasuwa na yi. Ranar 19 ga Oktoban 1987 ma'aunin Dow Jones ya zube da kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda. Scholes da Robert Merton sun karɓi kyautar Nobel a 1997. Da shekara ta zagayo, kamfanin zuba jarin da suke ciki, LTCM, ya tafka asarar sama da dala biliyan huɗu. Mu da muka ga yadda naira ta rikito a watan Yunin 2023 ba sai an ba mu labarin tsallen farashi ba.

Akwai kuma tambayar da Samaru ba za ta amsa ba, sai dai a gangaro Kongo, maƙwabciyarmu, inda ake karatun shari'a. Ya halatta? Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce wannan ciniki, yadda ake yin sa a kasuwannin duniya, bai halatta ba.

Sai ka ga matashi a bakin titi ya ƙura wa waya ido, yana cankar ko farashi zai hau ko zai sauka nan da minti ɗaya, wai shi ma yana harkar. A ganina wannan ba lissafin Black ba ne, caca ce tsagwaronta, kuma mai manhajar ya riga ya lissafa rabonsa.

Nan za mu dakata.