RUMBU DA ASUSU A GIDAN MAI BI

Karatu: Farawa 41:25-49

Batunmu na yau shi ne rumbu da asusu, wato yadda gidan mai bi zai riƙe abin da Allah ya ba shi da kaka har ya kai shi wata kaka.

Waɗansu suna ganin zancen kuɗi da hatsi ba na ruhaniya ba ne. Amma mu da muke kiwon ikkilisiyoyin karkara mun san abin da watan Agusta yake yi. Lokacin ne kujerun maza suke zama wofi ran Lahadi, gama mai gida ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa kuwa ciyawa tana ci. Lokacin ne ake cire yarinya daga makaranta, kuma lokacin ne dattawan ikkilisiya suka fi zaman sasanta miji da mata. In ka bi diddigin faɗan, sau da yawa za ka tarar daga bakin rumbu ya taso.

Bari mu duba abin da Yusufu ya yi a Masar. Allah ne ya bayyana masa ma'anar mafarkin Fir'auna, amma bayan wannan sai aka shiga aikin lissafi. Ya ƙidaya shekarun ƙoshi da na yunwa. Ya yanka rabo, kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa. Ya sa a naɗa masu lura. Sa'an nan kowane gari ya tara hatsin gonakin da ke kewaye da shi. Mu ba a ba mu mafarki ba, ba ma kuwa bukatarsa, domin shekarun nan na Masar suna zuwa mana kowace shekara a taƙaice. Ƙoshinmu daga Oktoba ne zuwa Janairu. Yunwarmu tana tsakiyar damina, sa'ad da gero yake tsaye kore shar a gona amma bai nuna ba.

Duk wanda ya shiga kasuwar Wudil ran Jumma'a da kaka ya ga yadda abin yake. Amalanke da babura suna ta sauke gero da dawa da wake, kowa yana so ya sayar a rana ɗaya, saboda haka mai saye ne yake yanka farashi. 'Yan kasuwa su ɗora a mota, su nufi Dawanau ko su zuba a sito. Watanni bakwai ko takwas bayan haka, manomin nan da ya sayar da buhu shi ne zai dawo da 'yar jaka yana awon tiya biyu, a farashin da ya fi wanda ya sayar. Wannan ba sabon abu ba ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma rubuta littafi a kan zaman manoman garin wanda ya fito a 1972. Cikin abubuwan da ta gani akwai wannan: masu hali suna ajiye hatsinsu, matalauta kuwa suna sayarwa da kaka, su saya da damina, su kuma bar gonakinsu su yi wa masu hali aiki. Haka talauci yake haifar kansa shekara bisa shekara.

To, daga ina za a fara? Daga kwanon awo. Mai gida da yawa bai san tiya nawa gidansa yake ci ba, uwargida ce ta sani, shi kuwa bai taɓa tambayarta ba. Ku zauna ku biyu ku auna. A ce gida yana cin tiya ɗaya a rana. Buhu yana ɗaukar wajen tiya 40, shekara kuwa kwana 365 ce. Ke nan buhu 9 ba su cika shekara ba sai an ƙara tiya 5. Gidan da yake cin tiya ɗaya da rabi yana bukatar kusan buhu 14. A kan wannan sai a ɗora rabon baƙi, da na suna ko rasuwa, gama ba gidan da ake rufe ƙofa a ci tuwo. In an gama sussuka, a fitar da zakar Ubangiji tukuna, a ware iri, a ware abincin shekara bisa ga wannan lissafi. Abin da ya ragu shi kaɗai ne na kasuwa. In kuwa lissafi ya nuna hatsin ba zai kai ba, gara a sani tun Disamba, sa'ad da akwai damar noman rani a bakin kogi ko wata sana'a, da a gane a Yuli sa'ad da hannu ya taɓa ƙasan rumbu.

Yanzu bari mu taɓa wurin da yake mana ciwo, mu Kirista musamman. Kirsimeti tana faɗowa daidai lokacin da dawa ta shigo gida, kuma daidai lokacin da ta fi araha. Ga ɗinkin yara, ga atamfar uwargida, ga shinkafa da nama da lemo, ga bukukuwan aure da aka tara aka ce sai bayan kaka. Kafin a huta, makaranta ta buɗe a Janairu ana neman kuɗi. Dukan wannan nauyi a kan rumbu ɗaya yake sauka. Mun sha ganin gidan da ya ci shinkafa kwana uku da Kirsimeti, ya kuma yi wata biyu yana kwana da kunu tsululu da damina. Ba mu ce kada a yi murna ba. Haihuwar Mai Ceto ta isa a yi mata murna, yara kuma suna bukatar su ga gidansu ya yi haske a ranar. Amma Kirsimeti ba baƙuwa ba ce da take zuwa ba sallama. Ranarta ba ta taɓa motsawa ba. Ɗan akuyar da za a yanka, a ɗaure shi tun Yuni. Zakaru, a bar su tun suna 'yan tsaki. Yadi, a saye shi tun kafin teloli su cika. In dole sai an sayar da amfanin gona, a fara da wake da gyaɗa da riɗi, waɗanda dama don kuɗi aka shuka su, a bar gero da dawa su zama na ƙarshen fita.

A nan muna da magana da iyayenmu na Zumuntar Mata, cikin ladabi. Ankon da ake fitarwa kowane taro da kowane biki ya zama haraji a kan matan da ba su da shi, wata har takan ƙi zuwa sujada don kunya. Zane ɗaya na zumunta ya isa shekaru. Mu ma masu riƙe da ikkilisiya, fastoci da dattawa, ya kamata mu duba yawan gudummawar da muke jerawa tsakanin Nuwamba da Janairu, domin daga rumbunan nan ne take fitowa.

Hatsin da aka hana kasuwa, kada a bar wa gara da ɓera. Kakanninmu sun san abin da suke yi da suka ɗora rumbu a kan duwatsu, suka ajiye gero da dawa a damminsu ba a sussuke ba. Wake ne mai wuyar sha'ani, gama ƙwaro yana shigarsa tun daga gona. Akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwaron sai ya mutu da kansa. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yin wannan aiki in an cika ta. Zuba maganin feshi cikin abin da 'ya'yanka ko 'ya'yan wani za su ci, wannan ba tanadi ba ne, zunubi ne. Ku kuma na bakin kogi, kun tuna ambaliyar 2001 da ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Wudil, kun kuma ga ta 2022 da ta game ƙasa. In kana da ɗan'uwa a tudu, ka kai waɗansu buhuna wurinsa.

Sai batun kuɗi. Asusun ƙasa da ake jefa wa canji yana da amfani, musamman don koya wa yara. Adashi ma yana da amfani, domin yana tilasta wa mutum ya zuba ko ba ya so, muddin uwar adashi mai tsoron Allah ce, an kuma rubuta kowane zubi. Amma takardar naira ba abin binnewa ba ce. Dattawa sun tuna canjin kuɗi na 1984, da yadda waɗanda suka ɓoye nasu a tukunya suka sha wuya. Dukanmu mun ga wahalar farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace, manomi ya kai akuya kasuwa ya rasa mai biyansa a hannu. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da ya kwana shekara a ƙarƙashin katifa, ko ɓarawo bai taɓa shi ba, ya rame.

Shi ya sa bankin mutumin karkara tun fil azal yake da ƙafa huɗu. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, tana cin harawa da dusa da suke cikin gida, kashinta kuma taki ne. Ragon da aka saya da arha aka yi masa kiwo, maƙwabtanmu Musulmi za su neme shi gab da Babbar Salla, Karar Wudil kuwa ga ta a ƙofar gida. Sai dai a yi wa dabbobi allurar rigakafi, don annoba tana share garke cikin mako ɗaya. Mai gida kuma ya ji wannan da kyau: akuyar uwargida tata ce. In ka kama ka sayar ba da yardarta ba, ka kashe mata zuciyar kiwo, gidan kuwa shi ne zai yi hasara.

Kuɗin da ake ajiyewa don asibiti, shi kam sai a banki, inda za a same shi da dare ko da rana. A tabbata bankin mai rajista ne wanda hukumar NDIC take tsaya wa. Tun 2024 hukumar tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Duk wanda ya zo ya ce kawo dubu goma ka karɓi ashirin a wata ɗaya, ko da ya buɗe da addu'a, ko da ɗan ikkilisiya ne, ku sallame shi. MMM ta rushe a 2016 da kuɗin mutane, CBEX ta bi sahunta a 2025, masu bi da yawa kuwa suna cikin waɗanda suka yi kuka.

Abin da ya fi jefa manomi cikin bashi shi ne takin zamani. Kowa yana nemansa a Yuni, sa'ad da aljihu ya bushe. Daga nan sai a ci falle, a karɓi kuɗi kaɗan da alkawarin biya da dami ko buhu da kaka, wato an sayar da amfanin gona tun bai tsiro ba. Mai hikima yana sayen takinsa da rani ranar da ya sayar da wake, yana kuma kwashe takin turke da shara zuwa gona tun kafin bazara. Ku karanta 2 Sarakuna 4 a gida. Matar nan gwauruwa, mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi har mai bin bashin ya zo ɗaukar 'ya'yanta. Annabi Elisha ya fara da tambayarta abin da take da shi a cikin gida, ya kuma sa ta biya bashin kafin ta ci sauran.

Wani zai ce, ashe Ubangiji bai tsauta wa mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya ba? Ya tsauta masa, a Luka 12. Amma ku lura, cikin dukan shawarar da mutumin ya yi da zuciyarsa, ba Allah, ba maƙwabci. Yusufu ya tara ne domin ya buɗe a ranar yunwa. Karin Magana 11:26 ma ta nuna mutane suna la'antar mai ɓoye hatsi, suna sa wa mai sayarwa albarka. Waɗanda suka ci bashi suka cika sito da kakar 2024 suna jiran farashi ya yi sama sun ga abin da ya faru a 2025, sa'ad da hatsi ya faɗi maimakon ya tashi. Wanda ya ajiye don cin gidansa kuwa bai yi hasarar kome ba, tuwonsa ya ci.

Akwai gidajen da ko sun yi dukan lissafin nan hatsinsu ba zai kai ba, gwauraye da marayu da tsofaffi da wanda ciwo ya kwantar da damina. Domin su ne muke roƙon kowace ikkilisiya ta duba abin da take yi da hatsin godiyar kaka. Maimakon a yi gwanjonsa duka a ranar, a ware rabo a zuba a rumbun ikkilisiya. A sa mutum uku su riƙe shi, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata da matashi mai iya rubutu, makulli kuma kada ya zauna a hannun fasto. Ba za a buɗe ba sai Yuli. Mai ƙarfi ya karɓi tiya goma ya mayar da tiya goma da kaka, ba ƙari. Gwauruwa kuwa a auna mata a kai har gida, da yamma, ba tare da an karanta sunanta a majami'a ba.