Shin Ko Kun San? Hali da Rigakafin Korona a Tsakanin Dattawa

• Shin ko kun san cewa masana halayyar ɗan Adam sun kasa hali gida biyar? Akwai tsantseni da bin tsari, son shiga jama'a, sauƙin kai, yawan fargaba, sai son sanin sabon abu.

• A Amurka, cikin shekarar 2020, kusan 8 daga kowane mutum 10 da korona ta kashe sun kai shekara 65 ko sun haura. Wannan ya sa masana suka so su gane wane irin dattijo ne ke kiyaye kansa.

• Binciken SHARE na Turai, mai bin rayuwar 'yan shekara 50 zuwa sama, ya auna halin mutum fiye da 34,000 tun a 2017, kafin a ji ɗuriyar cutar. A tsakiyar 2020 aka koma musu da tambaya kan sa takunkumi, wanke hannu, ba da tazara da rage cuɗanya.

• Masu tsantseni, masu yawan fargaba da masu son sanin sabon abu su suka fi kiyaye matakan. Ashe fargabar da ake yi wa tsoho faɗa a kanta takan zame masa garkuwa idan annoba ta zo.

• Wani binciken da ya haɗa mutum sama da 100,000 a ƙasashe 55 ya gano cewa masu son shiga jama'a su ne zaman gida lokacin kulle ya fi gagara.

• Shin ko kun san hali yana sauyawa? Ana cewa hali zanen dutse, amma bincike ya nuna tsantseni da sauƙin kai sukan ƙaru yayin da mutum ke manyanta.

• Tasirin hali bai kai yadda ake zato ba. A binciken na Turai, abubuwa irin su shekaru, jinsi da ilimi sun fi hali ƙarfi wajen nuna wanda zai kiyaye.

Don haka idan wata annoba ta sake ɓullowa, Allah Ya kiyaye, kada mu yi wa iyayenmu kuɗin goro. Mai fargaba a kwantar masa da hankali da sahihin bayani, mai son jama'a kuma a riƙa kiransa a waya ana ɗebe masa kewa, don kada kaɗaici ya fitar da shi daga gida.