Hoton Idon Sawu Kaɗai Bai Isa A Ce Babu Karaya Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, tana kuma gurgunta mutane a banza. Mutum ya faɗo daga babur, ko ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, idon sawu ya kumbura. Maimakon a kai shi gaban likita, sai 'yan uwa su zarce da shi wurin masu ɗaukar hoton ƙashi, su nuna kumburin su ce nan kaɗai za a ɗauka, guda ɗaya tak, wai kuɗin biyu ya yi yawa. Hoto na fitowa, babban yaya zai ɗaga shi sama ya haska da rana, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙashi lafiya lau, targaɗe ne." Daga nan sai gidan mai ɗori, a ja, a murza, a shafa man zafi, a ce ya daure ya riƙa takawa. A ina yayan nan ya koyi karanta hoton ƙashi? Oho.

Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙasusuwa biyu ne, babban ƙashin ƙwauri da wani siriri a gefen waje, kuma jijiyoyi da wani tantani mai ƙarfi sun ɗaure su tun daga sama har ƙasa. Kamar awarwaron gilas suke, da wuya ya fashe a wuri ɗaya. Idan tafin ƙafa ya murɗe zuwa waje da ƙarfi, murɗewar kan yaga jijiyoyin idon sawu, ta haura ta cikin tantanin nan, ta je ta karya siririn ƙashin can ƙasan gwiwa. Wani likitan fiɗa ɗan Faransa, Jules Maisonneuve, ya bayyana irin wannan karaya tun 1840, shekaru 55 kafin a gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiranta. Shi ya gane ta babu na'ura, mu ga na'ura a hannu muna barin ta tana wucewa, domin hoton idon sawu ba ya kaiwa wurin da ƙashin ya karye, kuma zugin ƙasa kan danne ciwon sama har mai rauni bai san da shi ba.

Likitan ƙashi ba layin tsagewa kaɗai yake nema a hoto ba. Yana auna tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓar, ya ga ko ta buɗe fiye da kima. Wani bincike na 1976 ya nuna cewa idan ƙashin da ke ɗauke da nauyin jiki a idon sawu ya goce da milimita 1 kacal, wurin da gaɓar ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Wannan gocewa ce za ka gani da hasken rana a bakin titi? Wanda aka bari a haka, bayan 'yan shekaru gaɓar ta cinye, ya dawo yana ɗingishi, ana cewa sanyin ƙashi ne ko sammu. Irin wannan rauni kuwa galibi sai an yi aiki an ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙusa.

Saboda haka likita ne zai fara ganin ƙafa, ya lallatsa ta tun daga gwiwa har yatsu, sannan ya rubuta hoton da za a ɗauka. Idan ya matse sha-raɓa ka ji zafi ya sauka idon sawu, ko ya danna gefen waje na ƙasan gwiwa ka zabura, faɗa masa, ba wurin nuna jarumta ba ne. In ya ce a ɗauki ƙwaurin gaba ɗaya har da gwiwa, ta gaba da ta gefe, kada a tsaya ciniki ana cewa a rage ɗaya. Ƙashin da ya ɓuya ta gaba, ta gefe yake bayyana. A kuma mayar masa da hoton ya karanta da kansa.

Kafin a samu hakan, kada a taka ƙafar, a ɗaga ta bisa matashi. In an riga an ɗaure ta da kara, yatsu suka yi sanyi ko suka dushe, ko zafi ya ƙi jin magani, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa duk suna da likitocin wannan fanni.