Malama Nancy Moran Da Baƙin Da Ke Zaune A Jikin Ƙwari

Kowane manomi a ƙasar nan ya san darɓa, 'yan ƙwarin nan masu taruwa a ƙarƙashin ganyen wake da na gyaɗa suna tsotson ruwansa har ya yi danƙo ya nannaɗe. Dattawa kuwa ba su manta da 1975 ba, shekarar da darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a Arewa, gonaki na wajen hekta 700,000 suka lalace. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa tambayar yadda wannan ƙwaro ke rayuwa da ruwan tsiro kaɗai, alhali ruwan nan kusan sukari ne zalla, ba shi da isasshen abin gina jiki. Muna so yau mu ba masu karatu labarin wata malama ta ƙasar Amurka wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan wannan tambaya, sunanta Nancy Moran.

An haife ta a birnin Dallas cikin jihar Texas a 1954. Ta yi karatu a Jami'ar Texas, sa'an nan ta wuce Jami'ar Michigan inda ta sami digirin dakta kan ilmin dabbobi a 1982. Ɗaya daga cikin malamanta can shi ne W. D. Hamilton, Baturen Ingila wanda ya shahara a ilmin gadon halitta. A 1986 ta kama aikin koyarwa a Jami'ar Arizona, darɓa kuwa ita ce abin bincikenta.

Tun kafin a haife ta wani Bajamushe mai suna Paul Buchner ya riga ya duba cikin ƙwari iri iri da madubin likita, ya ga da yawansu suna ɗauke da ƙwayoyin bakteriya a wani ɗaki na musamman cikin jikinsu, ba su kuwa yi musu wata cuta. Ya ce lalle zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka su ke yi. To, amma tabbatar da wannan ya yi wuya, domin waɗannan ƙwayoyi ba su yarda su yi girma a kwanon gwaji ba. Da an fid da su daga jikin ƙwaron sai su mutu. Sai da aka sami dabarar karanta zaren gado, wanda Turawa ke kira DNA, sa'an nan hanya ta buɗe. Wajen 1990 Malama Moran ta haɗa kai da Paul Baumann, masanin bakteriya na Jami'ar California da ke Davis: ita ta san ƙwari, shi ya san baƙin da ke cikinsu. Bakteriyar darɓa aka raɗa mata suna Buchnera don tunawa da Bajamushen nan.

Ga yadda zaman ya ke. Darɓa tana ba baƙuwar tata masauki da abinci, ita kuwa baƙuwa tana harhaɗa mata sinadaran gina jiki waɗanda babu dabbar da ke iya yi wa kanta. In an ba darɓa maganin kashe bakteriya sai ta tsumbure, ta kasa haihuwa. Uwa ce ke ba 'ya'yanta ƙwayoyin tun suna cikinta. Da Moran da abokan aikinta suka jera asalin darɓa iri iri a gefe ɗaya, suka jera asalin baƙinsu a ɗaya gefen, sai suka ga rassan biyu sun yi daidai, watau duk inda dangin darɓa suka rabu nan baƙinsu ma suka rabu. A 1993 suka buga lissafinsu cewa an fara wannan zama tsakanin shekara miliyan 160 da miliyan 280 da suka wuce, bai kuwa yanke ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki cikin aikinta duka shi ne abin da ta bayyana a 1996. Mutum zai zaci wanda ya sami masauki da abinci kyauta na tsawon wannan zamani ya ci riba. Ashe daɗin nan ya cinye shi. Tun da ƙwayoyi kaɗan ne ke wucewa daga uwa zuwa 'ya, kuma a kulle su ke, ba su gamuwa da waɗansu 'yan'uwansu balle su yi musayar gado, duk ɓarnar da ta auku a zarensu sai ta zauna, wata ta zo ta hau kanta, ba mai gyarawa. Sannu sannu suka yi ta zubad da duk abin da ba su bukata a cikin ɗakin. Da masanan Japan suka karanta zaren Buchnera gaba ɗaya a 2000, suka tarar haruffansa wajen 640,000 ne, alhali 'yar'uwarta E. coli, wadda ke cikin hanjin mutum tana yawo inda ta ga dama, tana da fiye da miliyan huɗu da rabi. A 2006 kuma Moran na cikin waɗanda suka karanta na wata mai suna Carsonella, baƙuwar wani ƙwaro mai tsotson tsiro, nata haruffa wajen 160,000 kacal. Baƙo ya zama ba ya iya fita, mai gida kuma ba ya iya korarsa, raunin ɗaya ya zama na ɗayan. A 2007 suka nuna cewa canjin harafi guda a zaren Buchnera ya isa ya sa darɓar da ke ɗauke da ita ta kasa jure zafin rana.

Akwai waɗansu baƙi kuma da ba tilas ba ne a zauna da su, amma suna da amfani. Wata 'yar rina tana soka ƙwanta a jikin darɓa, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye ta daga ciki. A 2003 aka gane cewa darɓar da ke da wata bakteriya ta fi tsira, don tsutsar ce ke mutuwa. Aka sa wa wannan suna Hamiltonella, sunan malaminta ke nan. A 2010 kuma ta gano darɓa na yin launin jikinta da ƙwayoyin gadon da kakanninta suka samo daga fumfuna, abin da ba a taɓa gani a wata dabba ba kafin nan.

A 2007, lokacin da masu kiwon zuma a Amurka ke kukan amya tana zama kango, Moran ta shiga cikin masu binciken dalili, daga nan hankalinta ya koma kan ƙudan zuma. Ta tarar hanjin kowace ma'aikaciyar zuma na da bakteriya iri takwas ko tara waɗanda kusan ba a samunsu ko'ina sai a jikin zuma da danginta. Su ba gado ne na cikin ciki ba, jaririyar zuma a wurin yayyenta ta ke samu cikin amya, kamar dai yadda ɗan Adam ke samun na hanjinsa wajen mutanen gidansu. Daɗin abin kuma waɗannan sun yarda su girma a kwanon gwaji, saboda haka ana iya cire su, a mayar, a ga abin da zai faru.

Nan ne maganar ta shafi aljihun mutane. Tun cikin shekarun 1950 masu zuma a Amurka ke ba ƙudansu maganin tetarasaikilin don tsare su daga wata cutar tsutsa. A 2017 ɗakin binciken Moran ya nuna cewa wannan magani na ragargaza baƙin hanji, ƙudan da suka sha kuwa sun fi saurin mutuwa. A 2018 suka gwada gilaifoset, maganin ciyawan nan da manoma ke fesawa har a ƙasarmu, wanda a ke cewa ba ya taɓa dabba don hanyar da ya ke toshewa ta tsiro ce. Gaskiya ne dabba ba ta da wannan hanya, amma waɗansu bakteriya suna da ita. Ƙudan da suka sha shi baƙinsu sun ragu, da aka sa musu wata cuta kuma suka fi sauran mutuwa. Masu yin maganin sun musa, suka ce gwajin bai yi faɗi ba. A ganinmu ko da an ƙi yarda da girman ɓarnar, hanyar awon ce ta zama dole a sake, gama ba a iya cewa magani ba ya cutar da ƙwaro sai an duba abin da ya yi wa waɗanda ke ciyad da shi daga ciki.

An girmama ta da yawa: kyautar MacArthur a 1997, kujera a Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 2004, da Kyautar Duniya ta Ilmin Halittu wadda Japan ke bayarwa a 2010. A shekarar nan ta koma Jami'ar Yale, a 2013 kuma ta komo Jami'ar Texas da ke Austin inda ta fara karatu. Can ne a 2020 ita da almajiranta suka sāke gadon ɗaya daga cikin bakteriyar zuma, mai suna Snodgrassella, suka mai da ita mai haɗa magani a cikin hanji. Suka ba ƙudan, sai 'yar kaskar nan Varroa, wadda ke manne wa zuma tana tsotsonta tana sa mata cutar naƙasar fuka-fuki, ta riƙa mutuwa, ƙudan kuma suka fi jure cutar. A cikin ɗakin gwaji aka yi wannan, a rufe, domin sakin bakteriyar da aka sāke wa gado cikin amyar da ƙudanta ke fita kiwo mil da yawa magana ce da sai hukuma ta sa baki.