Fijo: Zakin Da Ya Yi Dakon Tumatir Da Majinyata A Ƙasar Kura

A bayan majami'armu, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Fijo 504 wadda ta shekara biyu a kan duwatsu. Kaji sun mai da bayanta wurin saka ƙwai, yaran makarantar Lahadi kuwa sun mai da sitiyarinta abin wasa. Sau uku ke nan maganarta tana tasowa a zaman dattawan ikilisiya, sau uku kuma ana tashi baram-baram. Wasu na cewa a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta, wasu kuwa sun dage lalle a ta da ita. Wannan gardama ce ta sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihin wannan mota, domin na tabbata ba ikilisiyarmu kaɗai ke da irin wannan gawa a bayan gida ba.

Daga zarto zuwa mota

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa mutanen da suka ƙera Fijo ba da mota suka fara ba. Peugeot sunan wani gida ne a yankin Montbéliard, can gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan. A shekarar 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da ma'aikatar niƙan hatsi ta gidansu wurin sarrafa ƙarfe. Suka shiga yin zarto, daga baya injin niƙa kofi, ƙarafunan laima, har da kekuna. Zakin nan da muke gani a goshin motar ma don zarto aka yi shi, aka yi masa rajista a 1858, wai don a nuna haƙoran zartonsu kamar na zaki suke.

Mutanen wannan gida Kirista ne 'yan Furotesta, kuma yankinsu na 'yan Lutheran ne, wato ɗarikar 'yan'uwanmu na Numan. Na faɗi wannan ne don sani kawai, ba don mu yi taƙama ba. Mota ba ta da addini. Fijon da ta kai fasto taron bishara ita ce ta kai alhaji filin jirgi.

Wani ɗan gidan, Armand Peugeot, shi ne ya kafe a kan mota. A 1889 ya fito da mai ƙafa uku mai aiki da tururi, a shekarar da ta biyo kuma ya koma wa fetur da injin Daimler na Jamus. Danginsa ba su ga riba a abin ba, don haka a 1896 ya ware ya kafa kamfaninsa na motoci. Lambobin nan masu sifiri a tsakiya da 201 aka fara su a 1929. Amma waɗanda suka shafe mu su ne 404 ta 1960, da 504 ta 1968 wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai a 1969, sai 505 ta 1979. A tseren Safari na Gabashin Afirka, inda ake bin laka da duwatsu, 404 ta ci a 1963, sa'an nan ta jera 1966, 1967 da 1968. Ita ma 504 ta ci a 1975. Da wannan suna ta shigo mana.

Kakuri da filin jirgin Kano

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Faransa. Ma'aikatar da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ta kafa irin waɗannan ma'aikatu: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ta Marsandi a Enugu, ta manyan motocin Fiat kuma a nan Kano.

Ga wani abin da yawancin matasanmu ba su sani ba. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, har jirgi kan yi watanni bai sauke kaya ba. Saboda haka ta sama aka riƙa kawo sassan Fijo. Jiragen kamfanin UTA na Faransa su kwaso su daga birnin Lyon, su sauke a filin jirgin Kano, sa'an nan a wuce da su Kaduna. Hanyar Kano zuwa Kaduna kuwa, kowa ya sani, ta Kura take bi. Ashe tun Fijo tana cikin akwati take gaisawa da mutanenmu.

Da Janar Olusegun Obasanjo ya hau mulki a 1976, gwamnatinsa ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, aka mai da 504 motar hukuma har ga shugaban ƙasa. Daga nan sai ta zama ma'aunin mutum. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi Fijo, ɗan kasuwa ya sayi Fijo, ikilisiyoyi da asibitocin mishan ma haka.

Ruwan Tiga

A daidai waɗannan shekaru ne ƙasarmu ta sake kama. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ke kula da aikin. Mutumin da a da yake gama girbin dawa ya tafi cin rani, sai ga shi da alkama, albasa, shinkafa da tumatir a tsakiyar hunturu.

To, hatsi yana jira a rumbu, amma tumatir ba ya jiran kowa. In ka tsinke shi da safe bai kai bakin titi ba kafin rana ta take, kuɗinka ya fara narkewa a cikin kwando. Jaki kwando nawa zai ɗauka? Amalanken shanu kuma sai ya ga dama. Nan a-kori-kura ta sami gurbinta. (Baƙi kan zolaye mu wai sunan da mutanen Kura yake. A'a, kurar 'yan dako ce motar ta kora, garin Kura yana nan daram.) Ita ce mai bin gefen kanal, ta shiga inda babbar mota ba ta isa ba, ta fito da kwanduna zuwa Kwanar Gafan. Daga can kuma wata 'yar gidan ce, J5, ta yi suna wajen ɗaukar gwari zuwa kudu, har sunanta ya zama kamar sunan sana'ar.

Bakin masu ita

Tsohon direban ikilisiyarmu, wanda duk muke kira Baba, ya ja 404 kafin 504. In ka tambaye shi sirrin Fijo, ba ya fara da inji, da ƙafa yake farawa. Ya ce mota ce mai tsayi daga ƙasa, gindinta ba ya dukan kunya, kuma tana lotsawa ta taso a rami kamar raƙumi. Tayoyin baya ne ke tura ta, don haka in an yi mata lodi sai ta ƙara riƙe ƙasa. Ya ce 404 ta fi ƙashi, ga giyarta a jikin sitiyari, mutum uku su zauna gaba ba takura, amma 504 ta fi ta daɗin zama.

Wani bakanike a bakin titin Zariya ya ƙara mini da nasa. Ya ce injin 504 a fili yake, kana buɗe bonet kana ganin komai. Kafireta ce, ba kwamfuta ba: in ta toshe a kwance, a wanke da fetur, a busa, a mayar. In inji ya gaji, akan zare silibansa a sa sababbi da ringi, ya dawo kamar jiya aka saye shi. Kayanta kuma a lokacin ko'ina akwai, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Yaron gareji da ita yake koyon aiki.

Amma ba yabo kaɗai na ji ba. Wani manomi a wajen Bunkure ya ba ni labarin shekarar da tumatir ya yi masa kuɗi, ya haɗa da bashi ya sayi tsohuwar wagon don ya riƙa jigilar fasinja zuwa Kano. Bai iya tuƙi ba, sai ya ba ɗan ƙanensa. Kullum da yamma labari ɗaya: yau taya, gobe birki, jibi an kama mu a hanya. Kafin kakar tumatir ta zagayo ya jinginar da gona. Ya ce mini, "Malam, motar ba ta cuce ni ba, ni ne na sayi abin da ban san cinsa ba." Wasu kuma sun ce Fijo ba ta raina mai, ga tsatsa da ke cin ƙasanta in tana yawan shiga ruwan kanal.

Ni kuwa abin da na sani game da tamu ba a gareji na koye shi ba. Katikis a ƙauye shi ake bugawa ƙofa da tsakar dare. Wata damina aka tashe ni, matar wani ɗan'uwa tana naƙuda tun la'asar abu ya ƙi. Hanya ta cika da ruwa, mai babur ya ce ko nawa za a ba shi ba zai je ba. Muka ta da Baba, aka shimfiɗa katifa a bayan mota, mata biyu na zumunta suka riƙe ta, matasa huɗu suka bi mu don turi. Sau biyu muna kafewa. Da muka hau kwalta Baba bai ce uffan ba sai da muka ga fitilun asibiti. Yarinyar da aka haifa a daren nan yanzu tana cikin ƙungiyar mawaƙa. A motar nan muka kai amare, a cikinta muka ɗauko gawawwakin iyayenmu, kuma maƙwabtanmu Musulmi sun sha aron ta a irin wannan dare, ba mu taɓa hanawa ba, kamar yadda su ma ba su taɓa hana mu injin ban-ruwa ba.

Yadda zaki ya tsufa

Tsarin SAP na gwamnatin Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka kwararo ta Kwatano, waɗanda muke kira Baljiyam, motocin Japan kuma suka zo da ƙarancin shan mai. Ita 504 an daina yin ƙaramarta a Faransa tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da ita har 2006. A shekarar ce gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors. A 2012 hukumar AMCON ta karɓe ma'aikatar saboda bashi, a 2020 kuma kamfanin Nesbitt ya saye ta. Wani kamfani daban, na haɗin gwiwa da Ɗangote, ya fara harhaɗa sababbin Fijo a Kaduna a 2022. Can Turai kuwa, Peugeot ta haɗe da Citroën a 1976, sa'an nan a 2021 suka haɗe da Fiat Chrysler aka sami Stellantis. Sababbin suna da kyau, amma ba manomin Kadawa aka ƙera wa ba. Wadda ta rage a hannun talaka ita ce 406, tana ta ɗaukar fasinja a hanyar Zariya.

Tamu kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba tsufa ne ya kwantar da ita ba, mu ne. Kowa yana da ikon aro, ba wanda ke da nauyin duba baƙin mai. Ba mu taɓa ware mata ko sisi a cikin baiko ba, sai ta lalace a tashi a yi roƙo ranar Lahadi. Da lagireto ya fara yoyo muka riƙa ɗura ruwan kanal muna cewa Allah zai kiyaye. Da aka matsa, aka aiki wani ya sayo mafi araha, wani mai shago ya haɗa shi da jabu. Ta yi zafi a hanya, gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Ni kaina ina cikin masu laifi, domin ni ne na ce a lallaɓa ta har bayan Kirsimati. Mun sha karanta Luka sura 14 a kan mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, ba mu taɓa tunanin har mota ya shafa ba.

Masu cewa a sayar suna da hujja. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace tafiya sai an yi mata lissafi, kayan 504 na asali sun yi wuya, kuma samarin kanikawa sun fi sanin motocin Japan. Sun ce a sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Na yarda ya fi sauƙin ci. Amma na tambaye su ko za su kwantar da mai naƙuda a bayansa cikin ruwan Agusta, ba wanda ya amsa.

Shawarar da zan kai zama na gaba ita ce a ta da ita, bisa sharaɗi uku. Direba ɗaya, ba wanda zai taɓa makulli sai shi. Littafi a cikin mota, a rubuta kowace tafiya da kowace lita. Daga Janairu zuwa Maris kuma ta yi dakon tumatir a biya ta kamar kowace mota, ko kayan dattijon ikilisiya ne, kuɗin ya shiga asusunta na daban wanda zumuntar mata za ta riƙe, domin su ne ba a taɓa jin kuɗi ya ɓace a hannunsu ba. Majinyaci da gawa kyauta. In dattawa suka ƙi sharuɗɗan, to ni ma zan ɗaga hannu a sayar, don ba zan sake tsayawa gaban jama'a ina roƙon kuɗin gaskit ba.

Bakaniken ya zo ya duba ta makon jiya. Ya ce bodi da giya lafiya lau, sai kan inji, lagireto, batir da tayoyi huɗu. Baba ya ce idonsa ba ya gani da dare yanzu, amma zai koya wa duk yaron da aka zaɓa. An sa zaman bayan an gama yankan shinkafa.