Zoben Fistin: Bayani ga Masu Injin Ban Ruwa da Injin Niƙa

Wannan takarda ta manoma ce da hakimai da masu unguwa na ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, musamman masu noman rani a fadamun Gulbin Zamfara, da masu injin niƙa a ƙauyuka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

A da da jigo a ke ban ruwa, mutum ya wuni yana sunkuyawa, abin da zai shayar bai wuce 'yan fangaloli kaɗan ba. Tun da aka soma shirin Fadama a 1993, da taimakon Bankin Duniya, ƙananan injunan ban ruwa suka bazu ko'ina. Amma jigo in ya karye kowa ya iya gyaransa, inji kuwa in ya tsaya a tsakiyar rani, albasa da tumatir ba su jiran bakanike ya zo daga Gusau. Sau da yawa abin da ke kashe inji wani siririn zobe ne na ƙarfe, wanda kuɗinsa bai kai komi ba in an gwada da kuɗin injin. Makanikai na ce masa ringi.

Yadda zoben ke aiki

A cikin inji akwai wani rami mai santsi, shi ne silinda. A cikinta akwai fistin, watau curin ƙarfe mai hawa da sauka. Mai da iska su kan shiga bisa kan fistin, ya matse su, su kama da wuta, ƙarfin wutar ya tunkuɗa shi ƙasa. Wannan tunkuɗa ita ce dukan ƙarfin inji.

To, ga wuyar al'amarin. Ba shi yiwuwa a ƙera fistin ya cika silinda tsam, domin ƙarfe ya kan kumbura in ya ji zafi. Fistin na ƙananan injuna da alminiyum a ke yinsa, shi kuwa kumburinsa ya kusa ninka na baƙin ƙarfe sau biyu. In an yi shi daidai da ramin yana sanyi, da ya yi zafi sai ya cije. In an bar masa sarari, wuta ta zurare ta gefensa, ƙarfi ya tafi banza. Saboda haka aka tsaga wa fistin 'yan kwaruruka kewaye da kansa, aka sa zobba a ciki, su toshe sararin.

Ku dubi famfon keke. Fatar da ke cikinsa sako-sako ta ke, amma da an danna, iskar da aka matse ita ke buɗa fatar ta manne da bango. Haka zoben ya ke. An datse shi wuri guda, an kuma yi shi ya ɗara silinda girma kaɗan, don in an matse shi an sa, ya riƙa tura bango da kansa. Amma wannan turawa somin taɓi ce. Sa'ad da wuta ta kama, iska mai zafi ta kan bi ta saman zoben ta shige bayansa cikin kwarin, ta danna shi ƙasa, ta kuma tura shi waje. Iyakar ƙarfin wutar, iyakar mannewar zoben. Don haka ne lalle zobe ya sami 'yar walawa cikin kwarinsa. In baƙin toka ya daskare ya riƙe shi, iska ba ta iya shiga bayansa, ko sabo ne ful ba zai toshe komi ba.

Wannan dabara ba ta zo da sauƙi ba. Injunan tururi na farko a Ingila da igiyar rama a ke naɗe fistinsu, a shafa mata kitse, ba ta daɗewa sai ta cinye. Wani injiniyan jirgin ƙasa, John Ramsbottom, shi ya yi datsattsen zoben ƙarfe a 1852. Na farin bai yi kyau ba, ya riƙa cinyewa gefe guda. Da ya bincika sai ya gane zoben da aka yi shi kewayayye sosai, in an datse shi an matse, ba ya tura bango daidai ko'ina. Sai ya sake siffarsa, ya yi shi a ɗan karkace, yadda sai an sa shi cikin silinda zai zama kewayayye. A 1854 aka ce irin wannan ya kan yi tafiyar mil 4,000 kafin a sake shi. Jiragen tururi da suka iso Kano a 1911, da Ƙauran Namoda a 1929, da jikokin wannan zobe suka zo. Har yau a kan wannan ƙa'ida a ke yinsa, shi ya sa zoben da aka tanƙwara wajen sawa ya tashi daga aiki, ko da ido bai ga lahani ba.

Ƙaramin injin fetur zobe uku gare shi, kowanne da aikinsa. Na sama shi ke tare wuta, galibi a kan dalaye fuskarsa da wani ƙarfe mai tauri. Na biyu ya tare abin da ya kuɓuce wa na farko, ya kuma kankare baƙin mai ya mai da shi ƙasa. Na uku na baƙin mai ne zalla, yana da 'yan ƙofofi inda man ke bi ya koma kwano, ba ya barin komi a bango sai ɗan shafe wanda ido ba ya gani. A kan wannan ɗan shafe sauran zobba ke sulɓi. Manyan injunan gas masu tafiya sannu, irin su Lister da a ke niƙa da su, sun fi haka yawan zobba. Akwai kuma wani aiki da ba a cika faɗa ba: mafi yawan zafin kan fistin ta zobban nan ya ke bi ya shiga bangon silinda. Zobe in ya bar taɓa bango, fistin na iya ƙonewa.

Bakin zobe

Wurin da aka datse zobe, shi ne bakinsa, kuma a nan gwanintar bakanike ta ke bayyana. In bakin ya yi ƙanƙanta, da zafi ya hau sai kawunan biyu su haɗu, zoben ya rasa inda za shi, ya kankare bango ko ya karye. In ya yi faɗi, wuta ta bi ta nan. A injin Honda GX160, wanda faɗin silindarsa milimita 68 ne, bakin sabon zobe na sama daga milimita 0.2 ne zuwa 0.4, watau kaurin takarda biyu zuwa huɗu irin ta littafin makaranta. In ya kai milimita 1, zoben ya gama yayinsa. Yadda a ke awo, a sa zoben shi kaɗai cikin silinda, a tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, sa'an nan a zura siraran ƙarafan awo cikin bakin. Bakaniken da ya fasa kwali ya ɗora zobba bai auna ba, sa'a ya ke gwadawa da injinku.

Ƙura

Wannan injin, in yana cikakken gudu, ya kan juya sau 3,600 a minti guda, kowane juyi fistin ya hau milimita 45 ya sauka milimita 45. In kun lasafta, zoben na gogar bango tafiyar kilomita 19 da 'yan kai cikin awa guda. Aikin awa 8 ya haura kilomita 150. Muddin baƙin mai tsabtatacce ne tsakaninsu, wannan doguwar tafiya ba ta cin ƙarfe sai kaɗan kaɗan. Amma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen zoben tauri. In ta shiga, ta cuɗu da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Noman rani kuwa cikin hunturu a ke yinsa, lokacin da ƙura ta fi yawa.

Waɗansu in inji ya soma shaƙewa sai su cire matatar iska su yar, su ji ya sake, su ce sun yi gyara. Babu ɓarnar da ta fi wannan. Injin da zai yi shekaru ya kan cinye zobbansa cikin 'yan makonni. Masu ƙera shi sun ce a wanke matata kowace awa 50, amma a wuri mai ƙura a fi haka yawaitawa. A ƙasarmu da rani, a duba ta kowace safiya. Baƙin mai kuma a sake shi bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Kada a kafa inji a kan busasshen rairayi, a ɗora shi bisa katako ko tabarma, a yayyafa ruwa kewaye.

Ƙurar da ta fi kowace muni ita ce ta niƙan dutsen zinariya, domin shi farin dutse ne mai tauri irin na yashi. Mutanen Tungar Daji ba su bukatar a tuna musu abin da ke cikinta ban da yashi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka ga yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka gano dutsen da a ke niƙawa cikin gari da injunan niƙa, har a cikin gidaje, cike ya ke da dalma. An ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a Dareta da 'Yargalma, sa'an nan Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji, Bagega kuwa sai a 2013. To, hakimai ku lura: injin da ke cin zobe da sauri yana shaida muku yawan ƙurar wurin ne, kuma abin da injin ya shaƙa shi mutanen da ke tsaye nan su ke shaƙa. Injin da ya taɓa niƙa dutse kada ya niƙa hatsi. Kada a kai shi cikin gida don gyara, kada yara su wanke matatarsa ko su busa ta da baki, domin dalma na nan maƙale a ciki.

Alamun zobe ya cinye

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, baƙin mai ne ke ƙonewa. Za ku ga mai na raguwa ba inda ya ke yoyo, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, igiya ta yi sauƙin ja amma inji ya ƙi tashi, ruwan da ke fita a tiyo ya rage. Baƙin hayaƙi dabam ne, wannan matata ce ta toshe ko mai ya yi yawa, kada a buɗe inji dominsa. Akwai gwaji mai sauƙi. In inji ya rasa matsi, a cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kamar ƙaramin cokali guda cikin ramin, a mayar, a ja igiya. In ta yi nauyi, zobba ne, domin man ya toshe sararin na ɗan lokaci. In ba ta sake ba, a duba bawul ko gaskit.

In za a sake zobba, a fara duban bangon silinda. Lafiyayyen bango yana da siraran zane masu gittar juna, su ke riƙe mai. In ya yi ƙyalli kamar madubi, sai an ɗan karce shi da abin aikin da aka yi don haka, in ba haka ba sabon zobe ba zai zauna ba. In farce na kama wani tudu can sama, ko akwai zurfafan tsage, silinda ta cinye, sai a kai birni a faɗaɗa ta a sa fistin da zobba masu girman da ya dace. A kankare kwaruruka da guntun tsohon zobe. Zoben da ke da harafi ko ɗigo a fuska guda, wannan fuska sama ta ke kallo, in an kifa na biyu sai ya riƙa kwaso mai sama maimakon ƙasa. Bakuna uku kada su jeru, a raba su kamar duwatsun murhu. A shafa wa komi sabon mai kafin a mayar.

Bayan gyara kada a bar inji yana gudu sannu ba aiki awa da awa, don zoben na bukatar ƙarfin wuta a bayansa kafin ya goge ya zauna. A sa shi ya jawo ruwa, aiki matsakaici, ba iyakar ƙarfinsa ba. Bayan awa 20 a tsiyaye man, za a ga 'yan ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wannan ba laifi ba ne. Tsohon man a tara shi cikin galan a rufe, kada a zuba shi kusa da rijiya ko cikin fadama.