IDAN ƘOFAR LABURAREN INTANET TA ƘI BUƊUWA

A da idan yarinya tana son karatu sai ta tsaya jiran ƙaninta ya je shagon hayar littafi ya karɓo mata, ta karanta a gurguje kafin kuɗin haya ya hau. Yau kuwa laburare sukutum yana cikin wayar da ke hannunki. Sai dai kuma shi ma yana da ƙofa, ƙofar kuma tana da makulli, kuma sau tari ranar da kika fi matsuwa, ga jarrabawa gobe, ranar ce zai ce bai san ki ba.

Bari mu yi misali da Open Library, domin kyauta ne, kuma duk mai imel tana iya yin rajista. Reshe ne na Internet Archive, wata cibiya da wani Ba'amurke mai suna Brewster Kahle ya kafa a birnin San Faransisko a 1996, shi kuma Open Library aka buɗe shi a 2006. Imel ɗaya da kalmar sirri ɗaya ke buɗe miki duka biyun. Tsofaffin littattafai ba sa ma bukatar ki shiga, kamar littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da Rattray ya buga a 1913, wanda wani malami Bahaushe ya rubuta masa a ƙasar da a yau ake kira Gana. Amma sababbin littattafai aro ake bayarwa, galibi na awa ɗaya, kuma ba a ba baƙuwa aro sai ta shiga da sunanta. To a nan ake yin ta.

FARA DA YATSUNKI

Kafin ki zagi netwok, 'yar uwa, dubi abin da kika rubuta. Kwamfuta ba ta san "ai kusan haka ne" ba. A wurinta babban baƙi daban, ƙaramin baƙi daban, sifiri ba harafin O ba ne, lamba 1 kuma ba harafin l ba ce. Wani lokacin ma wayar ce da kanta take ƙara fili a ƙarshen imel ɗinki idan ta ƙarasa miki rubutu. Idan akwai ɗan hoton ido a gefen akwatin, taɓa shi ki ga abin da kika buga ƙuru-ƙuru. Ga kuma wani tarko da mu Hausawa kaɗai yake kamawa: kin sa kalmar sirri da ƙ ko ɗ mai lanƙwasa a wayarki, yau kin ari wayar yayarki wadda ba ta da su, kin buga k da d. Wallahi ko za ki kwana kina bugawa ba za ta buɗe ba. Kuma kada ki yi ta maimaitawa cikin fushi, don wurare da yawa sukan rufe mutum na ɗan lokaci idan ya yi ta kuskure a jere.

Idan kin tabbata rubutunki daidai ne, duba kwanan wata da agogon wayar, domin idan sun rikice shafuka masu tsaro sukan ƙi buɗuwa. Sa'an nan ki gwada wata burauzar. Idan da Opera Mini kike, mai tsimin data, koma Chrome. Share tarkacen da burauza take tarawa shi ma yana magani.

IMEL ƊINKI SHI NE UWAR MAKULLI

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mantuwa ba abin kunya ba ce, shi ya sa a ƙarƙashin akwatin shiga akwai rubutun da ke tambaya ko kin manta kalmar sirri. Kina taɓawa za su aiko miki da saƙo ki sake sabuwa. Amma ina za su aika? Imel ɗin da kika yi rajista da shi. To yaya ke nan idan yaron kafe ne ya buɗe miki imel ɗin lokacin rajistar JAMB, ya rubuta miki sirrin a 'yar takarda, takardar kuma ta bi wanki? Yaya ke nan idan lambar wayar da aka haɗa da imel ɗin ta wani tsohon layi ce da ya daɗe da mutuwa, kamfani ya sayar wa wani? Kin ga an rufe ɗaki, an jefa makulli a rijiya.

Saboda haka tun yau, tun ba ki matsu ba, ki shiga imel ɗinki ki tabbatar lambar da ke ciki taki ce kuma tana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki riƙa leƙa shi kuma, domin daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya fara bin ƙa'idar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Idan kin nemi saƙon bai zo ba, leƙa jakar Spam, can yake yawan faɗawa. Haka sabuwar shiga: idan ba ki taɓa saƙon tabbatarwa da suka aiko ranar rajista ba, rajistarki ba ta cika ba.

WANI LOKACI BA LAIFINKI BA NE

A watan Oktoba na 2024 ɓarayin intanet sun kutsa cikin Internet Archive, suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 31, shafin ya yi kwanaki a rufe, ba mai shiga ba mai fita. Haka kuma bayan ƙarar da manyan kamfanonin ɗab'i suka kai, wadda cibiyar ta faɗi a 2023, an janye littattafai sama da 500,000 daga aro. Don haka idan kin shiga lafiya amma littafin da kika saba karantawa ya ƙi aruwa, ba asusunki ne ya lalace ba. Wani wurin ma rufewa yake yi baki ɗaya, kamar yadda OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa suke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. A irin wannan hali tambayi ƙawarki ko nata yana buɗuwa. Idan kuwa laburaren makarantarku ne, je ki wurin ma'aikatan da katin shaidarki, matambayi ba ya ɓata.

KADA SO YA RUFE MIKI IDO

Na san halinmu. Abu ya gagara, sai a tura wa saurayi imel da kalmar sirri wai ya duba mana, shi da ya iya waya. Haba ƙanwata! Yawancinmu fa kalma ɗaya muke sawa ko'ina, sunanmu da shekarar haihuwa, ko sunan masoyin ma kansa. Wanda kika ba makullin laburare kin ba shi na Facebook, kin ba shi hotunanki da hirarrakinki. Yau ana ɗasawa, gobe idan aka ɓata fa? Mutuncin 'ya mace ba abin bayarwa aro ba ne. Idan taimako kike so, ya nuna miki, amma yatsanki ne zai buga. Haka duk saƙon da ya zo yana cewa ki turo kalmar sirrinki don a gyara miki asusu, na ɗan damfara ne, laburaren gaskiya ba ya tambaya.

Ki ware wa laburare kalmarsa daban, imel tasa daban, mai tsawo wadda ba a cinka. Ki rubuta a littafi ki adana inda kike ɓoye ɗan kunnenki na gwal. Idan kin shiga a kafe ko a wayar aro, kada ki tashi sai kin fita daga asusun.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.